Shekara Huɗu a Ɗaki Ɗaya: Ɗalibi Kirista da Aikin Bishara a Jami'o'in Arewa

  An ce in yi magana a kan yadda ɗalibi zai yi shaidar bangaskiyarsa a jami'a, aka kuma roƙe ni in yi da Hausa. To, da Hausar zan yi, kuma ba zan yi nisa ba. Zan tsaya a makarantunmu na Arewa: Samaru da Kongo, Kano, Jos, Bauchi, Maiduguri, Sakkwato, da kwalejojin ilimi da na fasaha da ke warwatse a tsakaninsu. Wasu maganganun za su yi wa waɗansu ɗaci. Ku yi mini haƙuri har in kai ƙarshe.

Aikin nan ba ku kuka fara shi ba. A 1957 aka kafa zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri, cikin makarantun mishan na SUM, daga nan ta bazu cikin makarantun sakandare da na horon malamai a duk faɗin Arewa. NIFES ta zo a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ta shiga cikin babbar ƙungiyar ɗalibai ta duniya, IFES, wadda aka kafa tun 1947. Akwai kuma Great Commission Movement da ke da hedikwata a Jos, reshen aikin da Bill Bright ya fara a 1951 a wata jami'a da ke Los Anjalas ta Amurka. 'Yan'uwanmu Musulmi ma ba su zauna ba: ƙungiyar ɗalibansu, MSS, an kafa ta a Legas a 1954, ta girmi FCS da shekara uku. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, da aka buɗe a 1962, ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta Kirista ne Bahaushe, Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi karatu a Wusasa, ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975. Na kawo sunansa ne saboda yaranmu da ke shiga jami'a suna raɓe-raɓe kamar an ba su aron wuri. Ba aro aka ba ku ba. Da iyayenku aka gina wurin.

Sai dai tare da ƙungiyoyin nan mun gaji wasu hanyoyin aiki, kuma ba mu cika tambayar domin wa aka tsara su ba. Yawancinku kun san ɗan littafin nan na Bill Bright mai dokoki huɗu. Yana farawa da ƙaunar Allah, ya bi ta kan zunubi, ya kai ga Almasihu, ya ƙare da gajeriyar addu'ar karɓa. Cikin minti goma an gama. Ba na raina shi, Allah ya yi aiki da shi a wurare da yawa. Amma ku dubi saurayin da aka rubuta dominsa: ɗan Amurka na shekarun 1950, wanda ya tashi yana jin ƙararrawar coci, ya san labarin gicciye tun yana yaro, ya dai yi sanyi ne kawai. In ya yi addu'ar nan yau, gobe uwarsa za ta yi kukan murna. Babu abin da zai rasa.

Yanzu ku dubi wanda ke kwana a gadon da ke saman naku. Kafin ku farka ya yi alwala ya tafi masallaci. Wataƙila ya sauke Alƙur'ani kafin ya gama firamare. Ba ya buƙatar ka gaya masa cewa akwai Allah, ko akwai ranar hisabi. Ya fi wasunmu tsoron ranar. Sunan Annabi Isa ba baƙo ba ne a kunnensa. Ya karanta Suratu Maryam, sura ta 19, ya yarda an haife shi ba tare da uba ba, yana kiransa Almasihu, ya yarda ya warkar da makafi da kutare ya kuma ta da matattu da izinin Allah, yana ma sa ran dawowarsa. Inda ya tsaya wuri biyu ne: bai yarda Ɗan Allah ne ba, bai kuma yarda an gicciye shi ba. Waɗannan biyun kuwa su ne zuciyar bishararmu. Mutumin da ya yi shekara ashirin ana koya masa dalilan ƙin abu biyun nan, kai kana so ka warware su tsakanin ƙofar laburare da wurin mai shayi? Rashin sanin wanda kake magana da shi rashin ladabi ne, kuma yana gane hakan tun daga jimlarka ta farko.

Manzo Bulus bai yi haka ba. A Ayyukan Manzanni sura 17, da ya isa Atina, birnin masu ilimi, sai da ya zaga ya dubi wuraren ibadarsu, ya karanta abin da suka rubuta a kan bagadansu, ya san abin da mawaƙansu suka ce, sannan ya buɗe baki. A sura 19 kuma, a Afisa, makarantar wani mutum mai suna Tiranus ya samu, ya riƙa tattaunawa da mutane kowace rana har shekara biyu. Bulus shekara biyu ya samu. Ku an ba ku huɗu, masu injiniya biyar, masu likitanci shida, ga ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, tana yi muku gyara da yajin aiki. A 2022 kaɗai ta ƙara muku wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Gaggawar me kuke yi?

Wannan shi ne abin da na zo faɗa, sauran duk bayani ne a kansa. Babu wani fasto ko mai bishara a ƙasar nan da ke da abin da ɗalibi yake da shi. A garuruwanmu an riga an raba unguwanni. Wanda ya san Kaduna bayan rikicin 2000, ko Jos bayan 2001, ya san yadda kowa ya kwashe kayansa ya koma inda nasa suke. Yaro zai iya tashi a Sabon Tasha ya kai shekara goma sha takwas bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Musulmi ba, wani kuma ya tashi a Rigasa bai taɓa shiga gidan Kirista ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗayan, a bakin mutane ya ji shi, kuma ba mai daɗi ba ne. Sai jami'a ta ɗauko su biyun ta zuba a ɗaki ɗaya, bokiti ɗaya, risho ɗaya, layin famfo ɗaya. Ɗakin kwanan ɗalibai na cikin 'yan wuraren da suka rage a Arewa inda ake wannan cuɗanya dole. Mai yiwuwa kai ne Kirista na farko da abokin ɗakinka zai gani da ido kusa-kusa, kuma mai yiwuwa bayan kun rabu ba zai sake zama da wani haka ba.

Me yake gani? Ba ya zuwa zumunta, bai san kana da murya a ƙungiyar mawaƙa ba. Abin da ya sani shi ne ko kana mayar da bashi. Ya san ko ka ɗebi garinsa ba ka faɗa ba. Ya san yadda kake magana a waya da 'yan mata uku, kowacce kana ce mata ita kaɗai ce. Ya san ko kana rage sautin waƙarka in ya shimfiɗa darduma, ko kuwa lokacin ne kake ƙara shi. A watan azumi ya san ko kana zama gabansa da rana tsaka kana tauna kana lumshe ido, ko kana ɗan kaucewa. Ya san ko ka taɓa ɗebo masa ruwa gab da magariba don ka ga layin ya yi tsawo shi kuma ya galabaita. Uwa-uba ya san abin da kake yi a ɗakin jarrabawa. Ina faɗin wannan a matsayina na malami mai sa ido a jarrabawa: babu abin da ke kashe shaidar zumunta kamar a kama sakataren addu'a da 'yar takarda a cikin safa. Labarin yakan riga shi isa ɗakin kwana. Bayan wannan, a yi taron farkawa na mako guda, a kawo mai wa'azi daga Legas, a ɗaura lasifika a kan bishiya, duk a banza.

Tunda na ambaci lasifika, bari mu je Kafanchan. Da yawanku ba a haife ku ba, amma ya kamata kowane shugaban zumunta ya san labarin. A watan Maris na 1987 ɗaliban FCS na Kwalejin Ilimi ta Kafanchan suka shirya taron bishara. Mai wa'azin da suka gayyato tsohon Musulmi ne da ya zama fasto. A cikin wa'azinsa ya kawo ayoyin Alƙur'ani yana fassara su. Ɗalibai Musulmi da suka jiyo suka ce ya karkatar da ma'ana, ya kuma taɓa mutuncin Annabinsu. Aka fara cacar baki, aka koma dambe, wuta ta fita daga makaranta ta shiga gari. Cikin 'yan kwanaki ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa, Katsina. An ƙone coci fiye da ɗari, an ƙone masallatai, an rasa rayuka. Har cocin da ke cikin jami'a a Samaru bai tsira ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ɗora wa mai wa'azi laifin ƙone-ƙone. Wanda ya kunna ashana shi ya ƙona, kuma babu kalmar da ta isa ta halatta zub da jini. Haka nake faɗa game da 'yarmu Deborah Samuel, da aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato ranar 12 ga Mayu, 2022, a kan saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na ajinsu. Kisan gilla ne, ba shi da wani suna, kuma akwai manyan Musulmi, har da Majalisar Sarkin Musulmi, da suka fito suka yi tir da shi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin riƙe addininsa, da sauya shi, da yaɗa shi. Wannan 'yanci namu ne, ba za mu sarayar da shi ba, kuma hukumomin makarantun da ke hana ɗalibai Kirista wurin sujada su sani suna taka doka.

Amma ni uba ne, kuma da 'ya'yana nake magana. Tambayar da nake so ku yi game da Kafanchan ita ce: cikin waɗanda suka jiyo wa'azin nan ta lasifika, mutum nawa ya jawo kusa da Almasihu? Cocin da aka ƙone a Funtuwa, mutanensa ba su san an yi taro a Kafanchan ba. Su suka biya. In ka tsaya a bainar jama'a ka ɗauki littafin wani kana gaya masa abin da littafinsa yake nufi, ba ya jin bishara, yana jin an ci masa fuska ne a gaban mutane. A zamaninmu kaset-kaset na muhawara ne suka cika makarantu, irin na Ahmed Deedat da masu mayar masa da martani, kowane ɓangare na haddace harsashin da zai harba. Yau abin ya koma TikTok da Facebook. Na ga muhawara da yawa, na ga an yi tafi, na ga an kunyata mutane. Wanda aka kunyata yakan koma ne ya ƙara shiri don gobe.

Saboda haka ga shawarata, kuma ba tsoro ne ya kawo ta ba. Ka yi maganar naka. Faɗi wane ne Yesu, me ya yi, me ya yi maka. Bakinka ya nisanci Annabinsu da littafinsu, a fili da ɓoye, a ɗaki da waya. Zauren WhatsApp na aji kasuwa ce. Duk abin da ka rubuta, ka ɗauka a tsakiyar kasuwa ka faɗe shi da ƙarfi. In aka jefo maganar addini a can, ba dole ne ka amsa ba. Wanda yake son amsa da gaske zai same ka kai kaɗai.

Kuma zai same ka. Nan ne nake jin kunya a madadinmu. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, ta umarce mu mu zauna a shirye don amsa wa mai tambaya, cikin tawali'u da girmamawa. Tambayoyin da za a yi maka ba su da yawa, ba sa kuma canzawa. Tun muna ɗalibai su ne dai. Me ya sa kuke bauta wa Allah uku? Yaya Allah zai haifi ɗa, yana da mata ne? Ai an canza Linjila. In Yesu Allah ne, wa ya riƙe duniya ranar da ya mutu? Yaron da ke yi maka waɗannan tambayoyi an koya masa su tun a Islamiyya. Kai kuma ka yi shekara goma sha biyar a makarantar Lahadi, ka iya waƙoƙi, ka iya rawa, amma aka tambaye ka sai ka ce abin asiri ne, ko ka fusata. Fushin nan na rashin amsa ne.

Amsoshin kuwa suna nan. Ba Allah uku muke bauta wa ba. Kubawar Shari'a sura 6 ta ce Allah ɗaya ne, Yesu da kansa ya maimaita haka a Markus sura 12, kuma shaidar bangaskiya da aka tsara a Nikiya a shekara ta 325 da kaɗaitar Allah ta fara. Abin da muke cewa shi ne Allah ɗayan nan ya bayyana kansa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma Maryamu ba ta cikin lissafin, ko da yake da yawa suna zaton haka muke cewa. In ya ce Allah ba ya aure, ba ya haihuwa irin ta jiki, ka ce masa ka yarda ɗari bisa ɗari, duk Kiristan da ya ce haka ya yi saɓo. Ka kai shi farkon Bisharar Yohanna, inda aka kira Yesu Kalman Allah da ke tare da Allah tun fil azal, ku fara daga nan. Zancen canza Linjila kuma, ka tambaye shi a hankali: yaushe, kuma wa ya canza? Akwai kwafen Sabon Alkawari na Helenanci da aka rubuta da hannu a ƙarni na 4. Ɗaya, wanda aka samo a gidan ibada na Dutsen Sina'i, yawancinsa yana babban laburaren Birtaniya a Landan, an ma ɗora hotunansa a intanet; wani yana Batikan. Sun girmi hijira da wajen shekara ɗari uku, kuma labarin gicciye da tashin Yesu na cikinsu. Ba na cewa wannan zai sa ya tuba a daren. Zai dai san ba da ka kake bi ba. In kuma ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce ka ba ni kwana biyu in bincika. Sannan kai ma ka tambaye shi nasa, ka saurara da gaske, ba sauraron mai jiran a yi shiru ya harba ba.

Yanzu mu zo wurin da ya fi nauyi. A ce bayan shekara biyu ko uku wani ya zo maka da dare ya ce yana so ya karanta Linjila, ko ma ya ce ya gaskata. Me za ka yi? Abin da muka saba shi ne murna ta ɗebe mu, ranar Lahadi a tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida, a ɗauki hoto, sakatare ya rubuta a rahoto. Kai ka samu labarin bayarwa. Shi kuma fa? Kuɗin makarantarsa a hannun mahaifinsa yake. Hutu ya zo, gidan zai koma. Yana iya rasa karatu, gado, yarinyar da aka yi masa baiko da ita, wani lokaci har ransa. In mace ce abin ya ninka. Kai da ka gaya masa bishara babu abin da ya taɓa ka, shi ne zai ɗauki kayan. Wanda bai shirya ɗaukar wani ɓangare na kayan nan ba, wanda bai tambayi kansa ina yaron nan zai kwana in an kore shi, wa zai biya masa rajista, to bai gama shirin yin bishara a Arewa ba.

Nikodimu da dare ya je wurin Yesu, a Yohanna sura 3, domin shi babba ne a majalisar Yahudawa, yana da abin rasawa. Yesu bai tona shi ba, bai ce sai ya fito fili gobe ba. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba sai a sura 7, inda ya ɗan sa baki a majalisa, sannan a sura 19, ranar da manzanni suka watse, shi ya zo da kayan ƙanshi aka yi jana'iza. Ubangiji ya ba shi lokaci. Mu wane ne da za mu hana? Ku riƙe sirrin mutane. Kada ku sa sunansu a zauren addu'a na waya. Ku haɗa su da dattijo guda mai hankali, wanda ya san irin wannan hanya. 'Yan'uwanmu na Tarayyar Masihiyawa sun fi kowa sanin ta, don da yawansu ta nan suka biyo. Kuma kada ku koya wa kowa raina iyayensa. Dokar girmama uwa da uba ba ta faɗi don mutum ya gaskata ba.

Wannan ya kawo ni ga rahotannin da nake gani: mun fita bishara ranar Asabar, rayuka kaza sun karɓi Yesu. Ina suke? Bahaushe mutum ne mai kara. Ka tare shi a hanya da fara'a ka ce ya maimaita addu'a, yana iya maimaitawa don kada ya ba ka kunya, ya wuce abinsa. Ku daina ƙidayar nan, tana koya muku ƙarya, tana kuma sa ku ɗauki mutane kamar maki.

Haka zancen abota. Ana koya wa ɗalibai su ƙulla abota domin su samu hanyar bishara. Ni ban yarda da wannan ba. Abotar da aka ƙulla da wata manufa a ɓoye tarko ce, ranar da abokin ya gane kuwa, ya gama da kai da addininka. Gwajin mai sauƙi ne: in ya gaya maka ƙarara cewa shi Musulmi ne, a haka zai mutu, za ka ci gaba da zuwa duba shi a asibiti? Za ka je ta'aziyyar mahaifinsa? Za ka je ɗaurin aurensa? In amsar a'a ce, da ma ba abokinka ba ne. Taimako ma haka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuka ga yadda yunwa ta shiga makarantu, ga ƙarin kuɗin rajista. Akwai masu cin abinci sau ɗaya a wuni. In zumunta tana da buhun shinkafa, ta raba wa mai yunwa ko wane ne, kada a ce sai ya zauna an yi masa wa'azi tukuna. An daɗe ana zarginmu da sayen mutane da abin duniya. Kada ku gaskata zargin da hannunku.

Na daɗe a kan maƙwabtanmu Musulmi, amma in gaskiya za a bi, filin da ya fi faɗi yana cikin gidanmu. Dubban yara ne ke shigowa aji ɗaya da sunan Bulus, Rifkatu, Istifanus, Saratu. A gida dole ce ke kai su coci. Nan babu mai tashin su ranar Lahadi. Makonni shida na farko su ne komai: wanda ya tarbe shi a tasha, ya nuna masa inda ake rajista, ya ba shi wurin kwana kafin a raba ɗakuna, shi zai bi. 'Yan ƙungiyar asiri sun san wannan, masu shaye-shaye sun sani, mazan da ke farautar sababbin 'yan mata sun sani. Mu kuma a makonnin nan muna can muna taron kwamiti a kan kalar rigar da mawaƙa za su sa. Akwai kuma wanda zai shiga aji ya ji malamin falsafa ko na kimiyya ya girgiza duk abin da ya taso da shi, ya zo zumunta da tambaya, a ce masa ya yi azumi shaiɗan ne. Ba zai sake tambaya ba, ba kuma zai sake zuwa ba.

Sannan harshe. Yaro ya taso daga ƙauyen Malumfashi ko Kafur, ko Sumaila, ko Tudun Wada, ko Zuru, duk addu'ar da ya taɓa yi da Hausa ya yi ta. Ya shigo zumunta ya tarar komai da Turanci, Turancin ma irin na masu wa'azin talabijin, ana ihu ana tsalle. Ya zauna a baya mako biyu, ya ga kamar shi baƙauye ne a gidan Ubansa, ya daina zuwa. Alhali shi ne ya fi kowa iya zama da abokin ɗakin nan da muke magana a kai: harshensu ɗaya, gaisuwarsu ɗaya, ya san inda ake cire takalmi, ya san abin da ba a faɗa gaban babba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka sha wahalarsa shekara da shekaru. Yau yana cikin wayar kowa kyauta, har da na sauraro. Amma shugabannin zumunta nawa ne a nan za su iya bayyana ma'anar alheri ko fansa da Hausa, minti biyar, ba su tsere zuwa Turanci ba? Muddin Turanci kaɗai bishara take ji a jami'a, muna tabbatar wa mutane abin da suka daɗe suna faɗa, cewa addinin baƙi ne. Ina roƙon kowace zumunta ta buɗe rukunin nazarin Littafi da Hausa, ko mutum biyar ne, kuma kada a mai da shi ajin marasa Turanci. Masu Turancin ma su zo su koya.

Iyayenmu fastoci, saura ku. Kowace ɗariƙa yanzu tana so ta kafa tata zumunta a cikin makaranta, har da cocin da bai kai shekara biyar da buɗewa ba. Ranar Lahadi azuzuwa goma, lasifika goma, kowa na ƙoƙarin danne na kusa da shi, ana ƙwace wa juna 'yan aji ɗaya. Masu kallo daga waje suna gani, kuma suna tambaya wanne ne na gaskiyar. A zamanin da FCS ta haɗa ɗan ECWA da ɗan COCIN da ɗan EYN da ɗan Angilika a benci ɗaya, hukumar makaranta ma ta fi jin maganarmu. Ban ce ku rushe abin da kuka gina ba. Amma tarbar sababbin ɗalibai, da asusun taimakon wanda aka kora daga gida, da zama da hukuma a kan wurin sujada, waɗannan uku ku yi su da murya ɗaya. Ku kuma rage wa yaran nan taro. Ɗalibin da ke da zumunta dare biyar a mako yaushe zai yi karatu, yaushe kuma zai zauna a ɗaki har abokin zamansa ya samu sarari ya tambaye shi wani abu? Mun kwashe su daga inda aikin yake mun tara su a inda babu kowa sai mu. Ku bar musu dare biyu, sauran su koma ɗakunansu.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Akwai batun ɗalibai mata da abin da suke fuskanta a hannun wasu malamai, wanda ya cancanci zama na musamman, kuma ina roƙon a ba mace ta jagorance shi. A nan zan dakata, a buɗe fili don tambayoyi.